Ƙawancen soja: a duba irin alkawarin da aka ɗauka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar ko ƙawancen soja yana hana yaƙi ko kuwa rura wutarsa yake yi. A ganina amsar tana ga irin alkawarin da ƙasashen suka yi wa juna.

Ƙawance yana hana yaƙi ne idan abokin gaba ya tabbatar cewa in ya taɓa ɗaya, sauran za su taso masa. Sa hannu a takarda kawai bai isa ba. Sashe na 5 na yarjejeniyar ƙungiyar tsaro ta NATO ta 1949, wanda ya ce hari kan ɗaya hari ne kan kowa, shi ma bai tilasta wa kowa shiga yaƙi ba, cewa ya yi kowace ƙasa ta ɗauki matakin da ta ga ya dace. Shi ya sa a 2017 aka girke rundunonin haɗin gwiwa, kowace da soja wajen 1,000, a Estoniya, Latbiya, Lituwaniya da Polan. Kowa ya san ba za su iya tare sojojin Rasha ba. Amfaninsu shi ne duk wanda ya tsallako iyaka sai ya zubar da jinin sojan Birtaniya, Kanada, Jamus ko Amurka, daga nan kuwa babu gwamnatin da za ta iya naɗe hannu.

Alkawari marar sharaɗi kuma ingiza ƙawa yake yi. A farkon Yulin 1914 Jamus ta ba Ostiriya-Hangari tabbacin goyon baya kan duk abin da za ta yi wa Sabiya. Da samun wannan ɗaurin gindi Ostiriya-Hangari ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya ranar 28 ga wata, Rasha, mai goyon bayan Sabiya, ta shiga tara dakaru, zuwa 4 ga Agusta Jamus, Faransa da Birtaniya duk sun tsunduma.

Wanda ya fi damuna shi ne rabin alkawari. A taron Bukarest na Afrilun 2008, NATO ta ce Yukren da Jojiya za su zama mambobi, amma ba ta sa rana ba, ba ta kuma ba su kariya ba. Maganar ta isa ta harzuƙa Mosko, amma ba ta isa ta tsorata ta ba. A watan Agusta yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Jojiya, ko da yake rikicin Osetiya ta Kudu, yankin da ke neman ɓallewa daga Jojiya, ya riga taron.

Tazarar da ke tsakanin neman shiga da samun karɓuwa ita ce lokacin haɗari. Finlan da Suwidin sun gane haka, sai da suka karɓi alkawarin tsaro daga Birtaniya a Mayun 2022 kafin su miƙa takardar neman shiga NATO.

Wassalam,
Wani mai bibiyar al'amuran tsaro