Iyayen yara masu otizam na da ikon ja da rahoton gwaji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da iyayen yara masu larurar otizam, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, a Garwa, Marwa, Ngaundere da kewayensu, kan takardar nan mai shafi biyu ko uku da masanin halayyar ɗan Adam ke rubutawa idan makaranta ta ce a kai yaro a gwada shi. Sau da yawa uba ne ke karɓo ta cikin ambulan, da Faransanci, ya miƙa wa darakta ba tare da an karanta masa ba. Ba a daɗe sai a ce yaron ba na wannan makarantar ba ne, ko a bar shi a bencin baya yana maimaita ajin SIL, wato ajin farko na firamare. Iyaye na da ikon su ce ba su gamsu da wani sashe na wannan takarda ba, kuma akwai hanyar yin haka ba tare da an ɓata da kowa ba.

Gwajin basira da ya fi shahara ga 'yan shekara 6 zuwa 16 shi ne WISC, na ƙanana kuma WPPSI. Matsakaicin maki 100 ne, ƙasa da 70 kuwa shi ke sa a fara zancen raunin fahimta. Amma da wa aka auna yaron? Bugun Faransanci na WISC da yaran Faransa aka daidaita shi. Ɗanmu da Hausa ya tashi a gida, Fulatanci yake ji a bakin titi, Faransanci sai a aji, ga shi larurar tasa dama ta shafi magana. Saboda haka tambayar farko ita ce: da wane harshe aka yi masa tambayoyin? In yayansa ne ko wani ma'aikaci ya yi tafinta, to makin ya rage nauyi ƙwarai, domin fassara na iya sauƙaƙa tambaya ko ta tsananta ta, kuma wajibi ne rahoton ya faɗi haka a fili.

Sai yanayin da aka yi gwajin. A watan Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40. Yaro ya zauna a layi tun safe bai ci komai ba, an shigar da shi ɗakin da bai sani ba, fanka na ƙara, babura na wucewa ta bayan taga. Baƙo ya zube masa 'yan katakai masu ja da fari, ya danna agogo, ya ce ya haɗa su kamar yadda suke a hoto. Yaron ya toshe kunnuwansa ya shige ƙarƙashin tebur. Abin da za a rubuta a nan shi ne ba a samu amsa ba. Idan aka rubuta sifiri aka haɗa cikin lissafi, an zalunce shi, domin rashin amsawa daban, rashin sani daban. Rahoto mai kyau yakan faɗi lokacin da aka fara, tsawon zaman, ko an ba da hutu, wanda ke cikin ɗakin, da sassan da ba a kammala ba. In babu waɗannan, a nemi a ƙara su.

Wurin da ya fi cutar da yaranmu shi ne jimillar maki. Bugu na biyar na WISC yana auna fannoni 5: fahimtar magana, fahimtar siffofi, gano dangantakar abubuwa, riƙe bayani na ɗan lokaci, da saurin aiki. Masu otizam da yawa ba sa tafiya daidai a waɗannan. Misali, yaro na iya samun 95 a siffofi, ya sami 62 a magana. In aka dunƙule su wuri ɗaya sai a fito da lambar da ba ta bayyana ƙarfinsa ba, ba ta kuma bayyana rauninsa ba, shi ya sa ƙwararru da yawa ba sa dogara da jimilla idan ratar ta yi faɗi haka. Iyaye su nemi makin kowane fanni daban. Wani bincike da aka wallafa a 2007, wanda aka yi a Montreal ta Kanada, ya nuna yara masu otizam sun fi taɓukawa nesa ba kusa ba a gwajin Raven, wanda zane ne zalla, a kan gwajin Wechsler, wato dangin WISC. Yaron da maganarsa kaɗan ce, irin wannan gwajin ya kamata a haɗa masa da shi.

Kuma maki kaɗai ba ya isa a ce yaro na da raunin fahimta. Ƙa'idar likitoci ta duniya ta ce sai an duba yadda yake tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum: cin abinci, sa tufafi, zuwa bayan gida, gane haɗari, zuwa aike. Akwai ma'auni na wannan, irin su Vineland, kuma da hira ake cika shi. A gidajenmu uba ke kai yaro asibiti, amma uwa ce ta san cewa shi ke ɗaure takalminsa, ya san hanyar gidan kakarsa, yana kuma gane kwanonsa cikin goma. Rahoton da ya yanke wannan hukunci ba a zauna da uwa ko mai rainon yaron ba, ba a kuma ji ta bakin malamin ajinsa ba, yana da giɓi babba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin neman a sake dubawa.

Kada a manta da kunne. Muna cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla, shi da ciwon kunne mai ruwa suna rage ji. A auna jin yaro kafin kowane gwajin magana. Haka farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu otizam, wasu magungunanta kuma na sa kasala da barci, don haka a faɗa wa masanin sunan maganin da lokacin shansa.

To, yaya za a yi? Kada a sa hannu a kan abin da ba a fahimta ba. A karɓi rahoton, a yi masa kwafi biyu, a sami amintacce ya fassara shi layi-layi. Sannan a ɗauki mako biyu ana rubuta abin da yaron ke iyawa a ƙaramin littafi, da kwanan wata, a kuma ɗauki gajeren bidiyo na minti ɗaya ko biyu da waya: yana ƙirga, yana bin umarni, yana jera hotuna. Kada a tilasta masa, kada a riƙe masa hannu. Daga nan a rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya. A guji cewa duk rahoton ƙarya ne, wannan rufe ƙofa yake yi. A ce: a shafi na 2 an rubuta cewa ba ya bin umarni, ga shaidar yana bi da Hausa, muna roƙon a gyara ko a ƙara bayani. A kai wa masanin da darakta, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kwafin da zai zauna a hannun iyaye, a kuma roƙi makaranta ta dakatar da yanke shawara har a zauna.

Neman ra'ayin masani na biyu daidai ne, amma da tsada, musamman in sai an hau jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde. Shi ya sa muke cewa a fara da neman gyara. In za a je, a tafi da rahoton farko, kada a ɓoye shi, domin ba a maimaita gwaji iri ɗaya kafin aƙalla shekara guda. Yaro kan tuna tambayoyin, sai makin ya gurɓata. Masani na biyu zai zaɓi wani ma'aunin.

Idan makaranta ta dage sai ta sallami yaron, doka mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 kan kare masu buƙata ta musamman ta haramta wariya wajen ɗaukar ɗalibai, ta kuma tanadi sassaucin shekarun shiga aji da rangwamen kuɗin makaranta ga marasa ƙarfi. A kai koke a rubuce ga sufeton ilimin firamare na gunduma, a kuma sanar da ofishin jin daɗin jama'a mafi kusa, inda ake neman katin nakasa.

Ba muna cewa kowane rahoto kuskure ne ba. Wasu yaran hakika suna da otizam tare da raunin fahimta, musun hakan kuma jinkirta musu taimako yake yi. Masanan nan ma kaɗan ne a arewa, aiki ya yi musu yawa. Amma ko rahoton ya yi daidai, bai cika ba sai ya gaya wa malami abin da zai yi ranar Litinin a aji mai cike maƙil: yaron ya zauna gaba, nesa da taga, a ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a manna masa jadawalin hotuna a benci, a bar shi ya fita na minti 5 idan hayaniya ta ishe shi, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a sake zama bayan wata 6 a ga abin da ya yi amfani. Roƙonmu ga masanan shi ne su riƙa zama da uwa da uba, su karanta musu rahoton da Hausa ko Fulatanci, kafin ya isa teburin darakta.

Wassalam.

Daga wasu malaman firamare da ma'aikatan lafiya,
Garwa, Kamaru