Wasiƙa zuwa ga Aminu kafin tafiyarsa Gembu

Ɗana Aminu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta ce tun da aka tura ka bautar ƙasa Gembu ka kasa zaune ka kasa tsaye, har kana neman mai canza maka wuri ka ci gaba da zama a Abuja. Ni ban yarda ba. Ka je.

Na san hanyar nan tun ana jihar Gongola, kafin a cire Taraba a 1991, lokacin ina jan babbar mota. Daga Jalingo sai Bali, sai Serti. A Mayo Selbe hawan yake farawa, mota na kuka a giya ɗaya har ka ga hazo a ƙasanka. Tsaunin Mambila ya kai wajen mita 1,600, ya fi Jos ɗin nan da kake kuka da sanyinta.

Wata damina mota ta mutu mana tsakanin Maisamari da Nguroje dab da magariba. Wani dattijo da ke koro shanu ya tsaya, ko sunanmu bai tambaya ba ya ce mu biyo shi. Ɗaki ne da murhu a tsakiya, ga masara rataye a sama tana shan hayaƙi don kada ƙwari su ci. Matarsa ta tuƙa tuwon masara da miyar ganye, aka kawo nono a ƙwarya. Sai da na fito alwalar asuba na gane bargon da muka rufa shi ke nan gare su: shi da yaransa a bakin wuta suka kwana. Yaron motata ya zaro kuɗi, dattijon ya ɗaure fuska kamar an zage shi. Da na sake biyowa sai na sauke masa gishiri da sabulu da sukari, wannan kam ya karɓa har da sa albarka.

To, ka kiyaye. In an ba ka abinci ka ci, ko loma biyu ce, kada ka tsaya tambayar da me aka dafa. Kada ka miƙa kuɗi a bainar jama'a. Ka lura da abin da gidan ya rasa, ka kai ta hannun yara. Ka koyi gaisuwa da Fulatanci, da shi aka fi ciniki a can. Kuma don Allah kada ka riƙa ɗaukar hoton ɗakunan mutane kana sawa a Facebook da sunan tausayi. Mai masarar shekara a rumbu da shanu a tudu, babu bashin kowa a kansa, ban ga abin da mai biyan haya a Kubwa zai tausaya masa ba.

Ka biyo ta gida kafin ka wuce. Mahaifiyarka ta daka maka yaji, ni kuma na ajiye maka barguna biyu, ɗaya naka, ɗaya na gidan da za su sauke ka. Allah ya kai ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Jos