A Gwada Rigar Nutso Kafin A Biya Kuɗinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu in yi magana da ƙannenmu masu zuwa karatu ko aiki nan Birtaniya, musamman masu harkar mai da ilimin teku a Abadin ta Sikotilan inda nake zaune. Sau uku ke nan wani yana turo min hoton rigar nutso a WhatsApp yana tambaya wai, Yaya, in saya? Duka ukun kuma a Bahar Maliya suka koyi nutso, can wajen Sharm el-Sheikh, inda ruwa ke kai digiri 22 zuwa 28, to nan ba haka abin yake ba, tekunmu da hunturu bai fi digiri 6 ko 7 ba, da bazara ma da ƙyar yake haura 13.

Riga iri biyu ce. Wadda suka saba da ita ita ce wetsut, ruwa na shiga cikinta kaɗan jikinka ya ɗumama shi. Ta biyun kuwa diraisut, busasshiyar riga ke nan, an toshe wuya da wuyan hannu da roba, zif ɗinta ba ya yoyo, kana iya shiga teku ka fito kayan jikinka a bushe. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne ba rigar kanta ce ke ba ka yawancin ɗumin ba, iskar da ke ciki da kayan da ka sa a ƙasa su ke wannan aikin, don ruwa na zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Ka sa singiletin auduga a ciki ka yi gumi kana jan kwalaben iskar numfashi zuwa jirgi, kana shiga ruwa gumin nan zai koma ƙanƙara a bayanka. Ulu ake sawa ko irin kayan sanyin nan na roba masu gashi-gashi.

Ni kaina arha ce ta ruɗe ni. Na ga gwanjon busasshiyar riga a intanet wajen wani bawan Allah, na ce ai riga riga ce, na biya ba tare da na gwada ba. Ashe mutumin ya fi ni tsayi sosai, takalmin da ke haɗe da rigar kuma ya fi ƙafata da lamba biyu. Ranar da muka je gwaji a wani tsohon ramin fasa dutse da ya cika da ruwa, ina wajen mita shida na ɗan sunkuya in duba igiya, sai duk iskar cikin rigar ta gudu ƙafafuna, takalman suka kumbura kamar balan-balan, faffaɗan takalmin iyo na ƙafa ɗaya ya fice, na fara tafiya sama ƙafa a sama kai a ƙasa, ga bawul ɗin fitar da iska yana damtsen hagu wanda a lokacin shi ne a ƙasa, ina danna shi babu abin da ke fita. Malaminmu ne ya cafko ni ya juya ni. Wallahi da a mita talatin ne da yanzu wani labarin ake, domin tasowa da gudu daga zurfi shi ke kawo ciwon kumfar iska a jini, ko huhu ya fashe.

Shi ya sa nake cewa a fara da awo kafin a tambayi sunan kamfani. Ka sa rigar tare da kayan sanyin da za ka riƙa sawa a ciki, ka tsuguna, ka ɗaga hannu ka taɓo bayan wuyanka inda makunnin kwalba yake, in ta ɗaure ka a hammata ko tsakanin cinya ka ajiye ta. In kuma ta yi maka burum-burum kamar ta aro ita ma ka ajiye. Ba wai don kyan gani ba fa, a mita goma matsin ruwa ya ninka, iskar cikin rigar ta koma rabi, sai rigar ta manne maka tana tsunkulin fata har sai ka danna bawul ɗin ƙirji ka ƙara iska, in kana tasowa kuma iskar nan ta sake kumbura dole ka sake ta. Riga mai faɗi iska mai yawa take ci, ita kuma sai ka ƙara nauyin darma a ƙugu kafin ka iya nutsewa.

Batun yadi kuwa akwai mai shimfiɗa uku siririya, ba nauyi, saurin bushewa, ta dace da mai yawan tafiya a jirgin sama amma ba ta da ɗumi ko kaɗan. Akwai ta niyofirin, wato roba mai kama da soso, mai kauri, ta fi ɗumi da bin jiki, sai dai nauyi da daɗewa ba ta bushe ba. Ni mai shimfiɗa ukun nake sawa yanzu, ɗinkin awo na yi, don da ita nake ƙara kayan ciki ko in rage gwargwadon sanyin watan da ake ciki.

Robar wuya ma a kula. Ta latas, wato siririyar roba mai talewa, ta fi toshewa amma rana da turare da man shafawa suna cinye ta, mu kuma da son turare, ga wasu jikinsu ba ya shiri da ita. In ta shaƙe ka da yawa tana danne jijiyar wuya har mutum ya ga jiri, a hankali ake yanke ta zobe ɗaya bayan ɗaya, kar a yi gaggawa da almakashi. Zif na ƙarfe yana son a riƙa goga masa kaki, kuma in a baya yake sai wani ya zuge maka, na gaba shi ne kake iya yi da kanka. A gwanjo waɗannan biyun za ka fara dubawa, canza zif kaɗai na iya cinye ribar arhar da ka samu.

Wani abu da ba a faɗa a shago: masu wetsut da yawa a ciki suke fitsari, kowa ya sani. A busasshiyar riga babu wannan sai in ka sa bawul na musamman, kuma ni hakan ya fi min, ina fitowa kayana da tsarki in yi alwala in yi azahar a kan jirgi.

Su kuma na gida, ruwan Tiga ko na Legas bai kai sanyin da za a kashe kuɗi a kan wannan ba, zafi ma za ta sa mutum. Inda na ga amfaninta shi ne ga masu ceto da ke shiga kududdufi mai ƙazanta, su tasu ta roba ce mai wankuwa, da hular da ke rufe fuska duka.

Duk wanda ya saya dan Allah ya fara yin kwas ɗinta a wurin iyo da BSAC ko PADI, ƙungiyoyin da ke koyar da nutso. A Silfra, wani wurin nutso a ƙasar Aisilan, inda ruwa ke digiri 2 zuwa 4, sai sun ga shaidar ka iya sarrafa rigar kafin su bar ka ka shiga. Ni dai tsohuwar tawa tana nan rataye a gareji, na rasa mai tsayin da zan ba.

Naka,
Wani ɗan Zariya mazaunin Abadin