Masu ɗakunan biki, a fara sayen fitilar da za ta haska fuskar amarya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin masu ɗakunan biki a Birnin Kebbi, Argungu da Jega kan fitilun da ake ratayawa a saman filin rawa. Abin da aka saba shi ne mai ɗaki ya kashe kuɗinsa a kan fitilu masu juya kai, irin 7R mai wat 230, sai daren dina a ga haske na yawo a silin, fuskar amarya kuwa tana cikin duhu.

Ita 7R an yi ta ne don babban dandali. Faɗin haskenta bai wuce digiri 4 ba, saboda haka idan silin mita 4 ne, abin da zai sauka ƙasa bai kai faifai ba, kuma duk wanda ta doka a ido sai ya runtse. Ƙwanta ma yana son fanka ta huce shi kafin a kashe, ga shi wutarmu ba ta sallama idan za ta tafi.

Fitilar da ta kamata a fara saya ita ce PAR ta LED, wato wadda ba ta juya kai, tana tsaye tana baza haske a wuri guda. Amma kafin a je kasuwa a auna tsayin silin. Daga mita 4, mai digiri 25 tana zana da'ira mai faɗin kusan mita 1.8 a ƙasa, mai digiri 40 kuma kusan mita 2.9. Sai dai ba tayil ake son haskawa ba, fuska ake so, kuma a daidai kan mutum da'irar ta fi haka ƙanƙanta sosai. Shi ya sa mai digiri 40 ta fi dacewa da ƙaramin silin. Filin rawa mai mita 6 tsawo da 6 faɗi, guda takwas sun ishe shi, huɗu ta dama huɗu ta hagu, a karkato su kamar digiri 45. Idan aka saito su tsaye bisa kai, goggoro zai jefa inuwa a idanu, kwalliyar da aka yini ana yi ta tashi a banza.

Sai launi. Shuɗi da kore suna mayar da baƙar fata kamar an shafa toka, ja kuma yana cinye zanen lalle. A nemi fari mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta 3200K a jikinsa, da CRI (ma'aunin yadda haske ke nuna ainihin launin abu) 90 ko sama, shi ne ke fito da leshi da gwal yadda suke. Masu launi a mayar da su bango da labule. Kafin a biya kuɗi, a sa mai shago ya rage hasken zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, a ɗauki bidiyo da waya. Idan baƙaƙen layuka na gudu a hoton, a ajiye ta, domin haka za su fito a bidiyon kamu.

A ɓangaren wuta, PAR takwas masu wat 180 sun kama wat 1,440. A ƙara masu juya kai na LED guda biyu, masu cin wat 150 kowace, jimla 1,740, wato ƙasa da am 8 a bolt 230. Wayar wuta mai kauri 2.5mm² za ta ɗauka. A ja musu layinsu daban da na'urar sanyaya ɗaki da lasifika, a sa sitabilaiza, a kuma bar wa janareta rarar kwata na ƙarfinsa. Tashin na'urar sanyaya ɗaki na jan wuta, masu juya kai su mutu su sake tashi ana tsakiyar liƙi.

Wayar sarrafawa ta DMX ba ɗaya take da wayar makirufo ba, ko da bakinsu ya yi kama. Kada a jera fiye da fitila 32 a layin DMX ɗaya, kuma a toshe ta ƙarshe da matoshi mai om 120, in ba haka ba fitilu su riƙa ƙyafce-ƙyafce ba wanda ya taɓa su. Kowace fitila kuma a ɗaura mata igiyar ƙarfe ta biyu bayan maƙalinta, kuma a jikin ƙarfe, ba a jikin silin POP ba.

Zafin Afrilu a Kebbi yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, fitila ta yi zafi ta dushe. A riƙa hure ƙurar duk bayan sati biyu a lokacin. Idan a waje ake taron ƙarƙashin rumfa, musamman da damina, a duba a ga IP65 a jikin fitilar, domin mai IP20 ta cikin ɗaki ce kawai.

Na gode.

Wani mai aikin wutar lantarki,
Birnin Kebbi