Yaya, ga dalilin da kuɗin kwano suka makara

Bronx, New York

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya. Ya zafi? Na san yanzu Kano ta fara ɗaukar wuta, mu kuwa nan har yau ba mu ajiye rigunan sanyi ba.

Na ga kiranka har sau huɗu ranar Juma'a ban ɗauka ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, kunya ce. Na yi alkawarin kuɗin kwanon ɗakin Hajiya za su iso tun farkon wata, ga shi wata ya ƙare. A waya ba zan iya jero maka abin da ya faru ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tsohon bankina yana yankar mini dala 12 duk watan da ajiyata ta yi ƙasa da 1,500, kai kuma ka san da albashi ya shigo nake rarraba shi, ba ya kwana. Ana haka sai ga takardar talla a akwatin wasiƙuna daga wani banki: ka buɗe asusun hada-hadar yau da kullum, irin wanda muke ce wa karant a gida, ka sa albashinka ya riƙa faɗawa ciki kai tsaye, za su ba ka kyautar dala 300. Na yi lissafi, 300 ai ta biya kafinta har da ƙusa. Da daddare bayan na taso aiki na buɗe ta waya, minti goma sha biyar an gama. A shafin ƙarshe suka tambaya da me zan zuba kuɗin farko, cikin zaɓin har da katin bashi.

Bari in yi maka bayanin katin nan, don ba irin na ATM da ke aljihunka ba ne. Naka kuɗinka yake cirewa, wannan kuwa na kamfani yake ba ka aro. In ka yi sayayya ka biya duka kafin ranar da suka yanka, ba ko sisin ruwa a kanka. Haka nake yi shekara uku, ban taɓa ketare wa'adi ba. Kuma ba don marmari na riƙe shi ba. A ƙasar nan yawancin mutane suna da makin amana, daga 300 zuwa 850, da tarihin biyan bashi ake gina shi, kuma mai gidan haya ma yakan duba shi kafin ya ba ka mukulli. Wanda bai taɓa cin bashi ba, a wurinsu baƙo ne da ba a san halinsa ba.

Wani abokin aikina ya taɓa ce mini in ka zuba kuɗi a sabon asusu da katin, ana lissafa shi a matsayin sayayya, har tukuici kake samu. Shi ya yi ya ci riba, gaskiyarsa ce. Abin da bai faɗa mini ba shi ne ba kowane banki da kowane kati ne suke tafiya haka ba. Na danna dala 1,000, da niyyar in mayar wa katin idan albashi ya shigo.

Kwana uku bayan nan na duba katin, na ga an rubuta cewa tsabar kuɗi na cira. Wannan kuma hukuncinsa daban ne: kashi 5 cikin ɗari nan take, wato dala 50, sannan ruwa na wajen kashi 30 a shekara, wanda yake fara hawa tun daga ranar, babu kwanakin sassauci irin na sayayya. Kullum rana ta fito an ɗora mini sama da senti 80. Ba yawan kuɗin ne ya hana ni barci ba, Yaya. Ni da Baba, Allah ya jiƙansa, ya ƙi karɓar rancen taki saboda ruwan da ke ciki, yau ga sunana a takarda ana lissafa mini riba kowace safiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Na ce to, da sauƙi, kuɗin ai suna nan cikin sabon asusu, in kwashe in mayar. Albashi ya shigo ranar Juma'a, na fara da tura kuɗin kwano ta manhajar da na saba aiko muku. Ya ƙi tafiya. Na sake, ya ƙi. Na shiga asusun sai ga jan rubutu: an dakatar, ka kira mu. Dala 1,000 ɗin da albashin mako biyu duk suna ciki, ina ganinsu da idona, ba halin taɓawa.

Nan fa aka shiga zagaye. Ka kira, na'ura ce take ɗauka, danna ɗaya, danna huɗu, faɗi abin da kake so. Na faɗa, ta ce ba ta gane ba. Sai kiɗa. Ranar farko ina zaune a matattakalar gidanmu, waya a kan gwiwa, shayi ya huce, minti 47 kafin mutum ya yi magana. Yarinya ce mai ladabi, ta ba ni haƙuri ya fi sau biyar, ta ce ba sashenta ba ne, ta miƙa ni sashen tsaro, layi ya yanke. Washegari na maimaita labarin daga farko ga mutum uku. Na ukun ya ce in kwantar da hankali, ajiyata tana da inshorar gwamnati har dala 250,000. Gaskiya ne, FDIC ke nan, takwarar NDIC tamu, tun 1933 take. Amma inshorar ta ranar da banki ya durƙushe ce. Nawa bankin kuwa yana tsaye daram, ƙofa ya kulle mini.

Na ɗauki hutun rabin yini, wanda ba a biyana, na je reshensu da fasfo da katin zama da takardar haya da ta wuta. Mutumin ya duba kwamfuta ya ce asusun da aka buɗe ta intanet ba a hannunsu yake ba, ya ɗaga wayar teburinsa ya kira lambar da nake ta kira, muka zauna tare muna jin kiɗan. Wallahi sai da na yi dariya. A makon nan wani ɗan Maraɗi mai tuƙa tasi ne ya ranta mini cikon kuɗin haya bayan sallar isha'i, ba takarda, ba shaida.

Wani dattijo ɗan Kumasi da muke masallaci ɗaya, wanda ya haura shekara talatin a nan, shi ya nuna mini hanya. Akwai hukumar gwamnatin tarayya mai suna CFPB, an kafa ta da dokar 2010 bayan rikicin bankuna na 2008, ta fara aiki a 2011. Ana shigar da ƙorafi a shafinta kyauta, ita kuma ta tura wa bankin, yawanci ana so ya amsa cikin kwana 15. Ya ce kada in zuba zafin rai, in jera ranaku da sa'o'i da lambar kowane kira. Allah ya sa duk na rubuta su a bayan wata ambulan. Rana ta tara wata mata daga babban ofishinsu ta kira ni da kanta, ta ambaci sunana daidai. Ta ce na'urarsu ce ta ga sabon asusu, an cika shi da kati, an kuma nemi fitar da kuɗi ƙasar waje cikin mako guda, kuma haka masu katin sata suke yi. Na yarda da hujjar. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wannan bayanin na minti biyu sai da ya ci kwana 19. Kafin la'asar aka buɗe.

Dala 50 da ruwan kuwa, kamfanin katin ya ce yana rubuce a yarjejeniyar da na amince da ita. Na nemo, yana nan, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwayar gero. Na biya, har da kusan dala 18 na ruwa. Dattijon ya ce da na tambaya tun farko, ana kiran kamfanin a rage iyakar cirar tsaba ta koma ƙasa sosai, yadda in ciniki ya zo da wannan suna sai ya ƙi shiga. Yanzu na yi hakan, bayan ɓarawo ya riga ya fita.

Saura 300 ɗin. Matar ta ce za ta shigo, sai dai ta ƙara da cewa a farkon shekara za su aiko mini da takardar haraji, domin hukumar haraji a matsayin kuɗin ruwa take lissafa irin wannan kyautar. Na kai wa liman maganar. Ya ce tunda su da kansu suka kira ta da wannan suna, in fitar da ita ga mabuƙata ba da niyyar lada ba. Don haka ko ƙwandalarta ba za ta hau ɗakin Hajiya ba.

Kuɗin kwanon na tura su jiya Talata daga albashina, ka duba asusunka. Ka je kasuwa da kanka kada ka aiki yaro, a sayi mai kauri, a kira kafinta ya gama kafin ruwan farko. In farashi ya motsa a makonnin nan ka faɗa mini in cika, laifina ne. Hajiya kuma ka ce mata matsalar banki ce aka samu, an warware. Zancen kati da ruwa ka bar shi tsakaninmu, ka san yadda take, sai ta kwana tana tunani. Ka roƙa mini addu'arta.

Ka gaida Anti da yara. Ka ce wa auta na ga saƙonsa na waya, ya bari sakamakon jarrabawa ya fito tukuna.

Ƙaninka