Hatimin da ke bangon hoton nan fa ba ado ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na ga hoton da kuka buga na matar nan mai fukafukai da ta zabga tagumi, kuka rubuta a ƙasa wai mala'ika ce mai makoki, to ni dai ban yarda ba wallahi. Albrecht Dürer ɗan Nuremberg ta Jamus shi ya zana shi da ƙarfe a kan farantin tagulla a 1514, ya sa masa suna Melencolia I, wato ciwon damuwa, sunan ma wani halitta mai kama da jemage ne ya ɗauko shi a sama kusa da bakan gizo.

Likitocin Turai na wancan zamani sun ɗauka damuwa daga yawan baƙin ruwa take a jiki, wanda littattafan ɗibbu ke kira sauda, kuma tauraron Zuhal ke iko da masu wannan hali, shi ne kuma tauraron awo da lissafi da gini, shi ya sa ga kamfas na zana da'ira a hannunta ga zarto da ƙusoshi a zube ga sikeli ga kwalbar yashi ta auna lokaci amma ta kasa taɓuka komai, ko karen ma duk ya rame.

Abin da ya sa na rubuto shi ne bangon da ke bayanta, ƙarƙashin ƙararrawa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure zai gane hatimi ne, gida 16, kowane layi ka haɗa 34 zai ba ka, a tsaye ko a kwance ko a karkace, kusurwoyi huɗun ma 34. Layin ƙasa 4, 15, 14, 1, ka ga shekarar a tsakiya, mutumin akwai wayo. A lissafin masu duban taurari na wancan zamani hatimi mai gida huɗu huɗu na tauraron Mushtari ne, shi ke karya nauyin Zuhal, wato magani aka rataya mata (ban ce na yarda da duba ba fa, Allah ya tsare mu, fassarar hoto nake).

Kuma daga littattafan Larabci ilimin hatimin ya shiga Turai. Mu ma namu Muhammad al-Katsinawi ya yi rubutu kan yadda ake tsara irin waɗannan gidaje a 1732, a Alƙahira ya rasu. Don Allah ku sake buga hoton, ku ƙara girman wajen bangon nan mutane su ƙirga da kansu.

Naka,
mai karatu daga Katsina