Wasiƙa daga rumfar manoman inabi a Paris

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina so in ba ka labarin baje kolin noma da ake yi kowace shekara a Paris wajen ƙarshen Fabrairu, wanda aka fara tun 1964, domin abin da na gani a can ya tuna mini da gonarka ta Galmi.

Na daɗe a rumfar manoman inabi na yankin Bourgogne da ke ƙasar Faransa. Ka san ba na shan giya, saboda haka wani dattijo ya zuba mini ruwan inabin da aka matse ba a bar shi ya tsima ba, na baƙin inabi da suke kira Pinot Noir da na fari mai suna Chardonnay. Na farin ya fi kwanta mini, domin zaƙinsa yana tafe da ɗan tsami kamar na tsamiyar da aka jiƙa da safe. 'Yan kasuwar da suka zo ɗanɗana giyar kuwa, sai su juya kofi, su shinshina, su kurɓa, su kurkure baki, sannan su tofar a wani bokiti, kowa yana rubutu a takardarsa.

Abin da ya riƙe ni shi ne kwalabe biyu cike da ƙasa da dattijon ya ajiye a gabansa, ɗaya mai tsakuwar farin dutse, ɗaya mai laka, daga gonaki biyu da 'yar hanya kawai ta raba. Ya bayyana mini cewa iri ɗaya ake dasawa a cikinsu, amma ɗanɗano ya bambanta, farashi ma haka. Malaman coci ne suka daɗe suna shata waɗannan filaye tun ɗaruruwan shekaru, har kowane fili ya sami sunansa, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sanya filaye 1,247 na yankin cikin kayan tarihin duniya. Tun 1935 doka ta hana a liƙa sunan wani yanki a kan abin da ba a noma a cikinsa ba.

Nan take na tuna da albasar Galmi, wadda ake sayar da ta wasu wurare da sunanta a kasuwannin Abidjan da Accra, kuma abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai. Don Allah ka ɗebar mini ƙasar fadamarka da ta tudu a kwalabe biyu, ka adana har na dawo.

Ka gaida Inna da yara.

Naka amini.